"Ni haka nake" ɗin nan ya ishe mu

Wai wani a zaurenmu na WhatsApp, shi a dole an ɓata masa rai. Gyara ɗaya aka yi masa a kan wani lissafin kuɗi, cikin ladabi ma, sai ga saƙon murya goma sha ɗaya, har iyayen mutane sun shigo ciki, daga nan ya fice daga zauren. Da safe ya dawo da "a yi haƙuri, ni haka nake, ba na iya ajiye magana a raina." Sannu, Malam. A kawo masa lambar yabo.

Ba gaskiya ce ta yi maka yawa ba, zaman minti goma da zafin zuciyarka ne ya gagare ka. Shi ke nan fa. Kunya ta kama ka, ƙirji ya ɗau zafi, hannu na rawa, sai ka nemi wanda za ka sauke wa. Rawar hannun nan sinadarin adirenalin ne jiki ya saki, wanda yake saki in ya ji haɗari, kamar an biyo ka da wuƙa. Ba wanda ya biyo ka. Da ka daina nanata maganar a ranka, da kansa zai sauka. Minti goma!

Masu cewa gara a amayar da a ƙunsa, na ji ku, ku zauna. A 2002 masanin halayyar ɗan Adam Brad Bushman ya gwada wannan a Amurka: waɗanda aka sa suka yi ta naushin buhu suna tuna wanda ya ɓata musu rai sun fi fusata a kan waɗanda suka zauna shiru na minti biyu kacal.

Wallahi na san da ciwo. Akwai daren da na rubuta wa yayata amsa mai tsawo, yatsana na kan wurin turawa, idona ya ciko. Na kife wayar, na je na tsoma fuska a ruwan sanyi, dabarar da masaniyar halayyar ɗan Adam Marsha Linehan ta koya wa masu fama da tashin zuciya, don tana rage bugun zuciya. Ban yi barcin kirki ba, amma zafin bai kashe ni ba. Da gari ya waye na karanta abin da na rubuta, ni kaina na ji kunyar kaina. Magana zarar bunu ce, ita kuwa yayata har yau ba ta san an yi ba.

Af, kuma don Allah masu turo saƙon murya na minti bakwai, ku ji tsoron Allah. Na Malam ɗin nan jiya a saurin ninki biyu na WhatsApp na saurara, mutum na zagi muryarsa kamar ta ɗan tsako, dariya ta hana ni kai wa na huɗu.