Marsandi Mai Cire Hula

A wani gareji ne kusa da Ƙofar Ruwa a Kano, Bakano na zaune kan benci yana jiran a gama masa gyaran tsohuwar Corolla ɗinsa, sai ga Bazazzagi ya shigo da wata jar Marsandi mai kujera biyu, kanta a buɗe, shi kuma hularsa ta yi fari fat da ƙura.

BAKANO: Innalillahi! Malam haɗari ka yi ne? Ina rufin motar ya tafi?

BAZAZZAGI: Ka ji ƙauyancin Kanawa ko. Wannan ita ake kira SL 500, ƙirar 2004, a Bremen ta ƙasar Jamus aka haɗa ta. Rufin yana cikin but, maɓalli ɗaya zan danna cikin daƙiƙa 16 ya fito ya rufe kansa da kansa.

BAKANO: To danna mu gani.

BAZAZZAGI: Ai abin da ya kawo ni wajen Oga kenan. Tun daga Kwanar Dangora nake dannawa.

BAKANO: Allahu Akbar. Wato ka sa kuɗinka ka sayi mota mai cire hula, ta cire ta ƙi mayarwa.

BAKANIKE: Alhaji sannu da hanya, kashe ta tukuna, wannan ko a tsaye take tana sha.

BAZAZZAGI: Haba Oga, ba ta da shan mai fa, wanda ya kawo min ita daga Kwatano ya ce lallaɓa mai take yi.

BAKANIKE: Eh gaskiya ya faɗa, tana lallaɓa shi har ta gama da shi. Injin nan silinda takwas ne, girmansa lita 5, ƙarfinsa ya haura na doki 300. In kana kan babban titi ka saki ƙafa a hankali za ta ci wajen lita 10 a kilomita 100, amma ka shiga cikin gari, ka faɗa cinkoson Kantin Kwari ko Bata da la'asar ga esi a kunne, to lita 18 zuwa 19 kake magana.

BAKANO: Tsaya tsaya, bari na ɗauko kalkuleta.

BAZAZZAGI: Na sani ai, Bakano ko gaisuwar mutuwa ya je sai ya ƙirga tabarmi.

BAKANO: Ƙirgen ne ya sa muke ba ku bashi. Oga tankinta lita nawa?

BAKANIKE: 80.

BAKANO: Mu ƙaddara lita naira 900, kar mu tsananta masa. Dubu 72 kenan kafin allura ta miƙe. Kuma a cikin gari lita ɗaya kilomita biyar da ɗan ɗori za ta kai ka, wato in ka tashi daga nan za ka Unguwa Uku cin tsire, kuɗin man zuwa da dawowa ya fi tsiren, gara ka aika yaro a adaidaita ya sayo, ku zauna kai da motar ku ci a gida.

BAZAZZAGI: Ai ni ba na cika tanki. Na dubu biyar nake sha.

BAKANO: Allurar tana motsi?

BAZAZZAGI: Tana ɗan... tana ɗaga kai ta dube ni.

BAKANO: Ta gane kai ne ta koma ta kwanta.

BAZAZZAGI: Kai ba za ka gane ba, mota irin wannan ba don lissafi ake sayenta ba, don jin daɗi ne. Gudunta fa 250, shi ma kamfani ne ya taka mata burki, da ta wuce haka.

BAKANO: A wane titin? A Jamus an ce akwai hanyar da ba a ƙayyade gudu ba, na yarda. Kai da za ka bi ta Tashar Yari da Kwanar Dangora, nan tirela, nan akuya, nan masu rake sun fito har tsakiyar kwalta, ina za ka kai 250 ɗin? Sai dai ka yi ta a lahira.

BAKANIKE: Ni dai Alhaji tunda ka zo bari na faɗa maka gaskiya tun kafin mu ɓata. Yaushe rabon a yi mata sabis?

BAZAZZAGI: Shi ma a yi mata, nawa ne abin yake, baƙin mai galan ɗaya da filogi huɗu.

BAKANIKE: Wannan na motar Alhaji Bakano ka faɗa. Taka baƙin mai wajen lita 8 take sha, galan biyu, kuma ba irin na awo a kwalba ba, mai kyau na roba a rufe. Filogi kuwa kowace silinda biyu gare ta.

BAKANO: Takwas sau biyu.

BAZAZZAGI: Na iya lissafi, daga garin ilimi na fito.

BAKANO: To faɗa mana da bakinka.

BAZAZZAGI: ...16.

BAKANO: Filogi 16 a mota mai ɗaukar mutum biyu! Kowane fasinja filogi takwas. Wallahi ko Hiace mai zuwa Legas ba ta yi wannan gatan ba.

BAKANIKE: Batir ma biyu ne, ɗaya a gaba na tayar da inji, ɗaya a but na kayan wuta. Na bayan nan in ya yi sanyi sai motar ta fara kashe wasu abubuwan da kanta don ta tsimi wuta, ina zargin ma yana cikin abin da ya hana rufin motsi, in kuma ba shi ba ne to man haidirolik ne ya zube daga silindojin rufin, roba ce a ciki, shekara ashirin ga zafin ƙasar nan, dole ta saki.

BAZAZZAGI: To a ɗura mata wani man mana, ba ga man giya nan ba.

BAKANIKE: Kul! Kar ka bari wani ya zuba mata abin da ba nata ba. Kuma ka ga yadda ta ɗan zauna ta gefen hagu kamar mai tahiya? Ba shokazoba irin wanda ka sani ne a jikinta ba, ABC ake ce masa, famfo ne ke tura mai da ƙarfi zuwa kowace ƙafa, shi ya sa ba ta kwanciya a kwana. In ƙafa ɗaya ta fara yoyo, ni ba zan faɗi kuɗin a nan ba sai ka zauna ka sha ruwa. A Ƙofar Ruwa ma ba lallai a samu ba, sai an buga waya kasuwar Ladipo ta Legas.

BAKANO: Ka ji ko, ABC. Dama an ce Zage-zagi da son boko, ga shi ka sayi mota tun daga aji ɗaya za ta fara da kai.

BAZAZZAGI: Hassada ce kawai. Jiya da na bi ta Samaru kowa sai da ya juyo, har 'yan jami'a suna ɗaukata a waya.

BAKANO: Suna ɗaukar mutumin da rana ke gasawa a cikin miliyoyinsa. Turawa sun yi ta ne don su rana baƙuwa ce a wajensu, in ta fito sai su buɗe kai su yi mata maraba. Mu nan da watan azumi ya faɗo a bazara, wa ka gani yana neman ƙarin rana? Da hunturu ƙura, da damina ruwa. Wata nawa ya rage maka a shekarar?

BAZAZZAGI: Da daddare ai akwai iska.

BAKANO: Da sauro.

BAKANIKE: Tayoyin bayan nan ma sun suɗe Alhaji, kuma rim 18 ne, na gaba daban na baya daban, ba a juya su.

BAZAZZAGI: Oga kai ma ka koma bayansa ne? Ni fa da na saye ta lissafina na da ne, lokacin mai bai kai naira 200 ba.

BAKANO: Wannan zamanin ya wuce tun 29 ga Mayu 2023, ranar da Tinubu ya ce tallafi ya tafi. Mutane na ajiye jif suna hawa mashin mai caji, kai kuma a lokacin ka ga ya dace ka auro mai ciki takwas. Ni yanzu tambaya ɗaya, da wane man za ka koma Zariya?

BAZAZZAGI: To... dama shi ne na ce ko za ka ɗan ranta min dubu goma, 'yan bumburutu na nan bakin titi.

BAKANIKE: Na galan? A wannan injin? Alhaji ka rufa min asiri.

BAKANO: Ba na ba Bazazzagi rance, amma ina da shawara. Oga in ba a tayar da ita ba lita nawa take sha?

BAKANIKE: Ko ɗigo.

BAKANO: Madalla. A bar rufin yadda yake kar a taɓa. A wanke ta, mu tura ta ƙofar wajen biki, ango da amarya su shiga su zauna, dama kujera biyu ce ba wajen ƙawaye, a ɗauki hoto dubu biyar biyar. Ranar Asabar kaɗai sai mu yi biki uku.

BAZAZZAGI: Mu? Motar tawa ce fa.

BAKANO: Shawarar tawa ce. Kashi 60 nawa, 10 na Oga, 30 naka.

BAZAZZAGI: To wa zai tura?

BAKANO: Mai mota mana. Oga ka ba shi tsumma ya fara goge kujerun, na ga hadari ya taso ta gabas.