Raunin Damƙar Hannu Ba Tsufa Kaɗai Ba Ne

Yana damuna yadda ake cewa "ai tsufa ne" duk lokacin da hannun dattijo ya daina riƙe abu da ƙarfi. Masu faɗin haka suna da hujja, domin tsoka tana raguwa da shekaru. Sai dai ƙarfin damƙa yana nuna halin da tsokar jiki gaba ɗaya take ciki, har ta ƙafafun da ke hana mutum faɗuwa. Shi ya sa likitoci ke auna shi da 'yar na'urar da ake matsewa. Wani bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2015, kan mutum kusan 140,000 a ƙasashe 17, ya gano cewa duk raguwar kilo 5 a ƙarfin damƙa tana tafiya da ƙarin kashi 16 cikin ɗari na haɗarin mutuwa.

Tsohuwar da bara take matse wankinta da kanta, bana ta kasa, ya kamata a kai ta asibiti. Wataƙila ƙarancin abinci ne, ko ciwon suga, ko yawan zama, kuma duk ana iya magance su. Matsa ƙwallo a tafin hannu ba zai wadatar ba. Tana bukatar tafiya, da tashi-zauna daga kujera, da abinci mai gina jiki kamar wake, ƙwai da nono.