Sautun Jidda

A zaurenmu na WhatsApp na masu tuƙa jirgin sama a kwamfuta, babu abin da ke tayar da ƙura kamar a ce an saki sabon gyaran wani jirgi. Manhajar Microsoft Flight Simulator tana zuwa da nata jiragen, amma mu da muka ɗauki abin da zafi sai mun sayi wani daban mun ɗora, irin wanda kowane maɓalli a ɗakin matuƙi yake aiki kamar na gaske. Ranar da aka saki gyaran Boeing 737 ɗin da nake tuƙawa, har ƙarfe ɗayan dare ana musu. Wani ya ce ƙarar injin ta fi daɗi, wani ya rantse an ɓata birki, wani kuma da ko filin jirgin Malam Aminu Kano bai taɓa shiga ba ya ce shi a jikinsa ya ji fiffiken ya yi nauyi. Ni abin da ya ja hankalina muryoyin fasinjoji da aka ƙara: ka sauka lafiya su tafa maka, ka buga jirgin da ƙasa su kwarma ihu.

Datar wata guda gyaran ya lashe kafin ya gama sauka. Uwargida ta nemi in jona mata intanet, na ce ta yi haƙuri, harkar sufurin sama ce.

Na tsara gwajin ranar Asabar, Kano zuwa Jidda, tafiyar awa huɗu da rabi ko fiye. Kuma a VATSIM zan yi, wato dandalin da tun 2001 mutane na gaske ke zama a gidajensu suna aikin jami'an hasumiyar filin jirgi, masu ba matuƙa umarni, kyauta, kai kuma kana amsa musu ta makirfo. A can ba a tsayar da jirgi a sama a ce bari in je in dawo, kuma doka ba ta yarda ka bar kujera fiye da minti 30 ba. Bayan azahar na ɗauki hoton ɗakin matuƙi, ga titin jirgi a gaba, ga hazo-hazon Kano, na ɗora a sitatus na rubuta: "Jidda yau insha Allahu, a sa mu a addu'a." Har gobe ina nan a kan bakana cewa babu ƙarya ko ɗaya a wannan rubutu.

Na kashe ƙarar waya, kamar yadda kowane kyaftin mai mutunci yake yi. Tashi ya yi kyau. Na bar Dala da Goron Dutse a baya, na hau ƙafa 37,000, na miƙa wa na'ura tuƙi, na tsallaka Chadi. Jiragen gaske kewaye sararin Sudan suke yi tun da yaƙi ya ɓarke a 2023, amma ni na ratsa ta tsakiya abina, ko gezau. La'asar da magariba duk a masallacin layinmu na yi su, ina idarwa ina sauri kada minti 30 ta cika. Liman ya bi ni da wani irin kallo na girmamawa wanda a lokacin ban gane dalilinsa ba.

Ina fara gangarowa kan Bahar Maliya, fitilun Jidda sun fara bayyana, sai na ji sallama a tsakar gida. Ba sallamar mutum ɗaya ba. Kafin in cire abin kunne, Gwaggo ta ɗaga labule, Kawu na biye da ita, sai maƙwabciyarmu da 'ya'yanta biyu.

"Kai ɗan nan, ashe Umara za ka shi ne ko sallama babu? A waya za mu gani kamar bare?"

"Gwaggo, sannu da zuwa, ai ba..."

"Ƙarfe nawa jirgin?"

"Ai na kusa sauka."

Ba ta ji ba, ko ta ji ta ɗauka ruɗewar matafiyi ce. Ta kwance bakin zane ta fito da ƙullin kuɗi, ta dire shi a kan kibod, daidai kan maɓallin da nake dannawa in yi magana da hasumiya. A daren nan kuwa akwai jami'i a Jidda, ga jirage wajen goma suna layin sauka, duk a tasha ɗaya muke. Gwaggo ta gyara tsayuwa ta fara lissafi da muryar da take kiran yara daga ƙarshen layi: zamzam jarka ɗaya, dabinon ajwa, kwalli, carbi mai dubu, sannan in na je gaban Ka'aba in ambaci sunan autarta, Allah ya fito mata da miji nagari ba irin na farko ba. Kawu ya ce shi jallabiya kawai yake so, ruwan toka, amma a duba wuya, kada a kawo masa mai maƙaƙƙen wuya irin ta bara.

Ni kuwa hannu ɗaya a sandar tuƙi, ɗaya yana neman maɓallin sauke tayoyi, ina cewa "to Gwaggo, to Kawu," ina mamakin yadda hasumiya ta yi tsit. Sai saƙo ya faɗo a gefen allo daga jami'in. Da Turanci ya fara, cewa makirfona a buɗe yake, na toshe wa kowa tasha. Sannan ya ƙara layi ɗaya da wata Hausa mai ƙamshin Larabci, irin ta 'yan uwanmu da kakanninsu suka je aikin Hajji suka zauna: "A gaida Gwaggo. Allah ya ba auta miji."

Na fizge ƙullin kuɗin daga kan kibod. A wannan fizgar gwiwar hannuna ta ture sandar, hancin jirgi ya duƙa, na'ura ta fara faɗa da ni da ƙarfi in ɗaga. 'Yan zaurenmu suna alfahari da sauka mai laushi, a taɓa ƙasa da saurin gangara ƙafa 150 a minti. Tawa ta haura 800. Jirgin ya daki titi, ya yi tsalle, ya sake daka, fasinjojin sabon gyara kuwa suka yi aikin da na biya data dominsa. Ihu ya cika ɗakin.

Gwaggo ta dafe ƙirji tana salati. "Su wane ne waɗannan?"

"Fasinjoji ne, Gwaggo."

"Na ina?"

Na nuna mata allo. Ta sunkuya ta daɗe tana kallo, ta dubi sandar, ta dube ni, ta dubi uwargida da ta jingina da ƙofa tana dariya har da hawaye. Wannan baiwar Allah tun la'asar take amsa wayar 'yan uwa tana cewa eh, ya tashi, yana sama yanzu haka.

"Wato da gemunka, da 'ya'yanka, wasan yara kake yi mutane suna ta sa maka albarka?"

Na fara bayanin cewa ba wasa ba ne, har matuƙan gaske suna gwaji da irinsa. Ta ɗauki ƙullinta ta ƙirga kuɗin a gabana, sau biyu.

Da na buɗe waya, saƙonni sun fi ƙarfin karantawa, har da kuɗin sautu da mutum uku suka turo ta banki. Biyu sun karɓi kuɗinsu da dariya. Kawu ne ya ƙi. Ya ce shi bai san wata kwamfuta ba, da bakina na ce masa "to", kuma da idonsa ya ga na sauka a Jidda, ko da yake saukar ba ta yi kyau ba. Ranar Litinin na shiga Kantin Kwari na sayo jallabiya ruwan toka, na cika dubu huɗu daga aljihuna. Ya gwada, ya shafa wuyan, ya ce kayan Saudiyya daban ne.