Awo kafin yadi: ra'ayina kan ɗinkin shat ɗin maza

Shekara bakwai ke nan ina zaune a Landan, kuma aikina na ofis ne, irin wanda ba a shiga sai da shat mai kwala, wani lokaci har da kwat da laktaye. Da farko ɗinkakkun riguna nake saya a kanti. In wuya ya yi mini daidai sai hannu ya gaza, in hannu ya kai sai jikin rigar ya yi mini yawa. Daga baya na gane dalili: rigar kanti da lamba ɗaya ko biyu ake tantance ta, faɗin wuya da tsawon hannu, sauran jikin kuwa an yanka shi ne a kan ƙiyasi. Shi ya sa na koma wurin tela.

Abin da nake gani a wurin masu zuwa ɗinki, kuma ni ma na yi shi, shi ne mutum ya ɓata awa guda yana jujjuya littafin samfurin yadi, in an zo awo kuma ya ƙosa a gama cikin minti biyar. A ganina an juya lamarin. Yadi matsakaici da aka yanka daidai da jikinka ya fi yadi mai daraja da aka yanka a kan jikin wani.

Ba duk abin da aka ce “an ɗinka maka” ne iri ɗaya ba. Akwai inda suke da tsayayyen zanen yanka, sai su ƙara nan su rage can gwargwadon awonka. Akwai kuma inda mai yanka zai zana maka naka a takarda tun daga tushe, ya ajiye da sunanka. Yanzu ga na uku ya yi yawa, wato ka auna kanka a gida ka tura lambobi ta intanet. Na gwada wannan sau ɗaya, na zaɓi yadi mai kyau ƙwarai, na auna ko'ina da tef har sau biyu. Da rigar ta iso, lambobin duk sun yi daidai, amma ga wata tattara kwance a bayan wuya, ƙasan kwala, wadda guga ta kasa kwantarwa. Sai da na tsaya gaban tela ido da ido ya ce mini kafaɗata ta dama ta ɗan fi ta hagu sauka, kuma ina ɗan tura kai gaba idan na tsaya, kamar yawancin masu wuni a gaban kwamfuta. Tef ba ya faɗin wannan. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Zama a nan ya ba ni damar kwatanta salon yanka iri uku. Na Ingila, wanda Titin Jermyn na Landan ya yi suna da shi (gidan Turnbull & Asser da ke can, mai ɗinka shat, an kafa shi a 1885), yana da kwala mai ƙarfi da ke tsayawa ƙyam a ƙarƙashin kwat, jiki mai ɗan yalwa, da gindin riga dogo don kada ta riƙa zamewa daga cikin wando. Na Italiya, musamman na telolin Nafoli, kwalarsa ta fi taushi, jikin ya fi bin ƙirar mutum, kuma sukan haɗa hannu da kafaɗa da ɗinkin hannu, har ka ga 'yar tattara a saman kafaɗar. Na Amurka kuwa, wanda aka fi sani ta kamfanin tufafi na Brooks Brothers, shi ne mai maɓalli a bakin kwala da jiki sake-sake. Ban ɗauki ɗaya gaba ɗaya ba. Yalwar jiki da tsawon gindi na Ingila nake so, amma a hammata Italiyawa ne suke da gaskiya.

Bari in tsaya a kan hammatar nan, don ita ce mutane suka fi fahimta a baibai. Ana zaton in ramin hannu ya yi faɗi ya sauka ƙasa, rigar za ta fi sakewa. Ba haka ba ne. In ramin ya sauka, duk lokacin da ka ɗaga hannu sai ya jawo jikin rigar gaba ɗaya sama, ta fito daga wando, kwala ta motsa. In kuwa an yanka shi sama, kusa da hammata amma bai cije ta ba, hannu zai yi motsinsa shi kaɗai, jikin riga ya zauna inda yake. Kamfanonin rigar kanti suna saukar da ramin ne don riga ɗaya ta shiga mutane da yawa. Wanda ya je wurin tela ya fito da irin wannan hammatar bai ci moriyar zuwansa ba.

Abin da ya fi damuna a salon da ake yayi yanzu shi ne an ɗauki matsewa a matsayin dacewa. Za ka ga saurayi maɓallan ƙirjinsa suna ja, tsakaninsu ya buɗe, yana ganin rigar ta zauna. A tsaye gaban madubi ake yaudarar kai, don haka ka zauna a kujera lokacin gwaji, domin ciki yana faɗaɗa in an zauna. Ka miƙa hannu biyu gaba kamar mai riƙe sitiyari, ka sunkuya kamar za ka ɗaure takalmi. In bayan rigar ya ɗaure ka, a ƙara yalwa ko a sa tattara biyu a baya. Ɗinkin kafaɗa ya tsaya daidai inda ƙashin kafaɗa ya ƙare. Kwala in an sa maɓallinta, yatsa ɗaya ko biyu su shiga ba tare da dole ba. Hannu ya sauka har gindin tafi, ta yadda kimanin santimita ɗaya zai leƙo daga hannun kwat. In kana ɗaura agogo ka faɗa wa tela, sai ya ɗan ƙara faɗin bakin hannun wannan ɓangaren.

Sai yadi. Da yake a ƙasar zafi na taso, na zo da tunanin cewa ƙasar sanyi yadi mai kauri take so. Amma shat a cikin ofis mai na'urar ɗumama ɗaki take wuni, da cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa mai cunkoso, sanyin waje kuwa aikin kwat ne da rigar sanyi. Don haka foflin ya fi yi mini aiki, wato saƙa mai sauƙi, zare ɗaya sama ɗaya ƙasa, mai santsi da rashin nauyi, sai dai yana saurin yamutsewa kuma farinsa yakan nuna singiletin ciki. Tuwil, mai karkatattun layuka in ka duba da kyau, ya fi shi nauyi da sheƙi, ya fi sauƙin guga, ya fi rufe jiki. Oksfod saƙarsa kamar ta kwando, yana da kaushi kaɗan da ƙarko, amma bai kai sauran biyun dacewa da babban taro ba. Lilin babu kamarsa a zafi, don yana shan gumi ya bushe da wuri. Yamutsewa halinsa ne, wanda ba zai jure ba ya haƙura da shi.

Lambobin da ke jikin samfuri, irin su 100/2 ko 140/2, su ne ke ruɗar mutane. Ta farkon tana nuna sirantar zare: ƙunshin zare mai tsawon mita 768 guda nawa ne za su cika laba ɗaya, wato giram 454. Ta biyun tana nufin an murɗa sili biyu wuri ɗaya. Ke nan babbar lamba siriri take nufi, ba ƙarko ba. Yadi mai 170 ko 200 yana da taushi kamar siliki, amma yana yamutsewa tun kafin azahar kuma bakin kwalarsa ya fi saurin cinyewa. Rigar zuwa aiki kullum, tsakanin 80 da 120 mai sili biyu ta wadatar. Abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne tsawon silin audugar kanta. Irin su Giza 45 ta Masar da Pima silinsu yakan kai kusan milimita 35, shi ya sa zarensu yake fita sumul, ba ya yawan gashi. Yadin da ake cewa ba ya buƙatar guga kuwa wani sinadari aka shafa masa, kuma ni dai a jikina na ji bai kai tsantsar auduga shan iska ba. Haka ma wanda aka gauraya da zaren roba, yana riƙe zafi da warin gumi.

Auduga tana tsukewa a wanki ko da an riga an tsuke ta a masaƙa, kuma a wuya da tsawon hannu aka fi gani. Tela mai sanin aiki yakan bar rara saboda haka, shi ya sa sabuwar riga da ta yi cif tun ranar farko abin tsoro ce. Yanzu duk lokacin da na canja tela, riga ɗaya nake ba shi, fara ko ruwan sararin sama, ta foflin maras tsada. In sa ta aiki, a wanke ta sau uku, sannan in koma masa da ita a jikina bayan ta wuni, ya ga inda ta ja da inda ta tattare, ya gyara zanen takardarsa. Sai bayan nan nake buɗe littafin samfurin yadi.