Tsoffin gem da na yanzu, ni dai ga inda na tsaya

Jama'a musun nan na wanne ya fi tsakanin tsoffin gem da na yanzu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a grup ɗinmu na 'yan Jidda, to bari in faɗi nawa a fili, mai zagi ya same ni a kwament. Ni ina ɓangaren tsoffin gem, amma ba duka ba, don akwai masu zuwa suna cewa wai komai na da ya fi na yanzu, wannan kewar yarinta ce kawai take ɗawainiya da su.

Ku tuna kaset ɗin nan mai rubutun 9999999 in 1 da ake sawa a na'urar da Larabawa ke ce wa kambiyutar al-a'ila, wadda yawanci kwafin Famicom ce ta Nintendo da ta fito 1983. Ka kunna ka ga jerin sunaye ba iyaka, ashe 'yan gem ne ƙalilan aka yi ta maimaitawa, an canza kala an canza suna. Yawancin abin da ke ciki tarkace ne wallahi. Kuma wahalar da muke alfahari da ita ma akwai dalilinta, da yawansu daga injin saka kwabo suka samo asali, ana so ka mutu da wuri ka sake zuba kuɗi, na gida kuma kaset ɗin ƙarami ne sai a tsananta shi don kar ka gama a yini ɗaya. Contra rai uku ne, harsashi ɗaya ya taɓa ka ka tafi, shi ya sa duk yaron unguwa ya haddace sama sama ƙasa ƙasa hagu dama hagu dama B A don a ba shi rai 30. Su kuma gem ɗin farko farko na PlayStation 1, ka saka su yau a faffaɗar talabijin ka ga fuskar mutum kamar an sassaƙa ta da gatari, don dama an yi su ne don tsohuwar talabijin mai ƙeya da take ɓoye aibu. Waɗannan kam lokaci ya cinye su, Allah ya jiƙan rai.

Amma waɗanda suka tsira fa? Super Mario Bros na 1985 duka duka wajen kilobayit 40 ne, hoton da kake turawa a WhatsApp ya fi shi nauyi. Na miƙa wa ɗan yayata pad, yaron da ya tashi da PUBG a waya, ban ce masa komai ba. Ya nufi dama, ɗan abin nan mai ruwan ƙasa ya taɓa shi ya mutu, ya kalle ni na ɗauke kai, karo na gaba ya yi tsalle ya taka shi, ya bugi bulo da ka naman kaza ya fito ya bi shi da gudu, shi kenan, har aka kira magariba ana fama da shi ya ajiye. Babu rubutu, babu bidiyon koyarwa, matakin farko shi ke koya maka komai da hannunka. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wajenmu, mu da muka buga gem ɗin ƙwallo na Winning Eleven da Japananci ba mu san ko harafi ɗaya ba, haddace wurin dannawa kawai muka yi.

Tetris tun 1984 Alexey Pajitnov ya ƙirƙiro shi a Tarayyar Sobiyet, kuma a ƙarshen 2023 wani yaro ɗan shekara 13 a Amurka ya buga na Nintendo har gem ɗin ya daskare ya kasa ci gaba, abin da kafin nan manhajar kwamfuta ce kaɗai ta taɓa yi. Yaron da aka haifa gem ɗin ya riga ya tsufa. To a ce min kewar yarinta ce ta sa shi.

Sai PES 6, gem ɗin ƙwallo na 2006, nan ne zan daɗe don shi ne ya raba mana kai. Daren Alhamis in mun haɗu a istiraha, wato gidan shaƙatawa na haya, akwai PS5 a ajiye, sabon FC (gem ɗin ƙwallon da a da ake ce wa FIFA) na ciki, amma tsohuwar PS2 da ɗayanmu ya tsinto a Harajin Sawarikh, kasuwar gwanjo ta Jidda, ita ake layi a kai. Wanda aka ci ya miƙa pad, doka ke nan tun muna yara. Sunayen ma ba daidai ba ne, Chelsea ita ce London FC, Liverpool kuma Merseyside Red, fuskoki sai a hankali, amma ƙwallon tana da nauyi a ƙafa, in ka ba da fas ɗin banza kai ka sani kafin a ƙwace. An hana ɗaukar Inter saboda Adriano, mutumin da in ya saki ƙafar hagu daga wajen akwati gola sai dai addu'a. Wasa minti goma, shayi na zagayawa, wanda ya sha kashi yana cewa pad ɗin ne ya lalace (kullum pad ne, ban taɓa jin wanda ya ce hannunsa ne ba), ana dariya har mai gadi ya leƙo. A Master League, ɓangaren da kake gina ƙungiyarka, ka fara da su Castolo da Minanda, 'yan wasan da ba su iya komai ba, ka yi ta tara maki har ka sayi na kirki, ba riyal ko ɗaya da zai fita aljihunka.

Na yanzu ban raina su ba. Red Dead Redemption 2 da Elden Ring ayyuka ne da ba a iya mafarkinsu a 1995, kuma PUBG Mobile ya sa ina hira da ƙanina da ke Kano muna wasa tare, yana min ihu wai in kwanta an gan ni, wannan tsohon gem bai isa ya ba ni ba. Abin da ke cina shi ne yawancinsu ba a gama su kuma ba naka ba ne. Ka dawo daga aiki a gajiye kana da awa ɗaya, ka kunna a ce sai ka yi afdet na giga kaza, sai kana da intanet, sai ka biya kuɗin wata kafin ka buga onlayin. A Ultimate Team na FIFA tun 2009 ake sayar da fakitin 'yan wasa, ka biya ba ka san wa zai fito maka ba, shekara ta zagayo a fito da sabo ka koma sifili. Beljiyam tun 2018 ta ce irin waɗannan akwatunan na kuɗi caca ne, hukuncinsu a addini kuwa na bar wa malamai, amma ni dai ba zan ba yaro katina ba. Ga The Crew na Ubisoft, mutane sun saya da kuɗinsu, a ƙarshen Maris 2024 aka kashe sabar gem ɗin ya mutu murus har a hannun masu faifai. Kaset ɗin Mario kuwa ka hura masa iska, duk da an ce hurawar ba ta da wani amfani, ka danna ya tashi bayan shekara kusan 40.

Ku duba ma inda kuɗi ke zuwa a ƙasar nan ta Saudiyya. Esports World Cup, gasar gem ta duniya da aka fara a Riyad a 2024, kyautarsa ta haura dala miliyan 60, cikin abin da aka fafata akwai Street Fighter 6 da Tekken 8 da Counter-Strike 2, duk jikokin tsoffi ne, ƙashin bayan wasan yana nan an dai sake musu riga. Kamfanin SNK mai King of Fighters yanzu gidauniyar Misk ta Saudiyya ce ke da kusan dukkansa, har Ronaldo suka saka a sabon Fatal Fury na 2025. Su kansu kamfanonin Resident Evil 4 na 2005 suka koma suka sake ginawa a 2023, kuma aka yi rububinsa.

Mai son gwadawa da yaransa, shawara ɗaya, in za ka sayi PS2 a haraji kar ka biya sai an saka faifai ka ga ya karanta a gabanka, don lens ɗinsu ne ke fara mutuwa, ka haɗa da memori kad da abin juya wayar PS2 zuwa HDMI. Ƙananan na'urorin nan masu kamar sanda da ake sokawa a talabijin, masu arha, da ake cewa gem dubu goma na ciki, pad ɗin wasunsu na da jinkiri, ka danna tsalle sai Mario ya faɗa rami sannan ya ji, yaro ya ce tsohon gem ba daɗi alhali laifin na'ura ne. Kuma don Allah kar ku fara masa da Contra, zai yi jifa da pad.