Ku daina goge wa tsofaffinmu tsagen fuska

Masu gyaran hoto na Jos, musamman matasanmu na shagunan Taminus da Titin Bauchi, ina da magana da ku, kuma da zuciya ɗaya nake yin ta.

Mutum zai kawo muku hoton kakansa, ya sha ruwa, ya karye a tsakiya, ya ce a farfaɗo masa da shi a Photoshop. Kulon kuwa, wato abin kwafo wani sashe na hoto a manna a wani wurin, don irin wannan aka yi shi: ka danne maɓallin Alt, ka ɗebo fata mai lafiya daga gefe, ka shafa a inda takardar ta yage. Hannun wasunku kam sai dai a ce Allah ya ƙara basira. To amma me ya kai hannun nan kan bille? Don me za a bi tsagen Gobirci tun daga gefen baki ana shafewa, har dattijo ya koma da kumatu sumul kamar jariri?

Wanzami ne ya yi tsagen nan da askarsa, da yardar iyaye, kuma shi ke faɗin gidan da mutum ya fito. Haƙar kuza ce ta tara wa Jos jama'a, Bakano da Bagobiri da Babarbare da Banufe, kowa da shaidarsa a fuska. Yau an kusa daina yi, Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ma ta hana, ni kuma ban ce a dawo da shi ba. Abin da ke damuna shi ne, idan waɗannan tsofaffi suka ƙare, a hoto kaɗai jikoki za su ga irin fuskokinsu. Shi ɗin ma ku share?

A 2006 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya raba gari da mai ɗaukar hoto Adnan Hajj saboda ya ƙara hayaƙi da kulon a hoton birnin Beirut. Hayaƙi fa kawai. Ina ga wanda ya sauya wa mamaci kamanni?

Na san wani sa'in mai hoton ne da bakinsa ke cewa a goge, hotonsa ne, ba ku da ta cewa. Amma idan bai ce ba, ku tambaye shi kafin ku taɓa fuskar. Ku yi gyaran a leya ta daban, wato shimfiɗar da ake ɗorawa kan hoton ba tare da an taɓa na asali ba, ku ajiye sikan ɗin farko yadda yake, ku tura masa duka biyun ta WhatsApp, ko da bai nema ba.