Ku riƙa faɗin wanda ya ɗauki dutsen

Tun jiya abin nan yake cin raina. Hoton ginin majalisar dokokin Amurka da bawan Allah nan ya ɗora, ya rubuta a ƙasa wai mu ga aikin Bature, mu baƙar fata ko katanga ba mu iya miƙarwa ba, jama'a kuma suna ta yi masa tafi. Malam, kafin ka zagi kanka ka haɗa da mu, ka taɓa tambayar hannun wa ya ɗauki dutsen nan?

Bayi na cikin waɗanda suka ɗauka. Baƙaƙen bayi. Da aka aza harsashin fadar White House a 1792, na majalisa kuma a 1793, an nemi ma'aikata daga Turai ba a samu isassu ba, sai aka koma hayar bayi daga hannun iyayengijinsu na Maryland da Birjiniya. Dala biyar a wata, ita ma aljihun ubangida take shiga. Su suka fasa dutse a mahaƙar Aquia Creek da ke Birjiniya, suka sare itatuwa, suka ja zarto, suka gasa bulo. James Hoban, ɗan Ireland ɗin da ya zana fadar, sunansa ya shiga tarihi. Kafintocinsa kuwa, Ben da Daniel da Harry da Peter, bayinsa ne, a takardar biyan kuɗi kawai za ka gan su, suna ɗaya tal, babu na uba.

Ka ɗaga kai ka dubi mutum-mutumin macen da ke saman ƙubbar, a hoton naka ma ta fito. Sunanta 'Yanci. Thomas Crawford ne ya yi samfurinta a birnin Rum, ya sa mata irin hular da ake ba bawan da aka 'yanta. Jefferson Davis, sakataren yaƙi a lokacin, shi ma mai bayi, ya ce bai yarda ba, aka musanya hular da kwalkwali mai gashin gaggafa. Da aka zo zubin tagulla, ɗan Italiyan da ya harhaɗa samfurin ya ƙi nuna yadda za a raba shi sai an ƙara masa kuɗi. Wa ya warware matsalar? Philip Reid, bawan mai maƙerar, Clark Mills. Ya ɗaura igiya a kan samfurin, ya ja sama a hankali har gaɓar ta bayyana. Lada dala ɗaya da kwata a rana, na ranar Lahadi kaɗai ke zuwa hannunsa, sauran kwana shida na ubangida ne. Sai a Afrilun 1862 doka ta 'yanta shi, aka ɗora mutum-mutumin a Disambar 1863.

Wani ya ce mini ai Turawa ne suka yi zanen. To, zane yana ɗaga dutse? Wani kuma ya ce ai ko'ina an yi bauta, har ƙasar Hausa. Na sani, ban musa ba, amma ba ita ce maganar ba. Cewa aka yi baƙin mutum bai iya gini ba, aka kafa hujja da ginin da guminsa ke ciki. Su kansu Amurkawa sun amsa: a 2007 majalisarsu ta raɗa wa babban zauren masu ziyarar ginin majalisar suna Zauren 'Yantarwa don tunawa da bayin nan, a 2016 kuma Michelle Obama, matar shugaban ƙasar a lokacin, ta tsaya gaban duniya ta ce kullum tana tashi a gidan da bayi suka gina, wato White House.

Abin yana min zafi ne don mahaifina magini ne. Na taso ina ganin tafin hannunsa duk ya tsattsage saboda siminti, da dare yana shafa man kaɗanya. Gidajen da ya gina a unguwarmu, kowanne da sunan mai gidan ake kiransa.

Af, duk wanda ke Washinton, don Allah ya ɗauko min hoton gidan tarihin baƙaƙen Amurka da aka buɗe a 2016, wanda David Adjaye, ɗan asalin Ghana, ya jagoranci zanensa. Ragar ƙarfen da ta lulluɓe jikinsa an kwaikwayo ta ne daga aikin maƙeran bayi na Charleston da New Orleans. Ta kusa nake son hoton, Baba zan nuna wa.